Gargaɗi: Ciwon Hanta Nau'in C Na Cin Mutane A Ɓoye

Jama'a, a saurara! Malam, yaushe rabonka da gwajin jini? Hajiya, an taɓa duba miki ciwon hanta nau'in C? In ba a taɓa ba, kada ku ce lafiyarku ƙalau. Wannan cuta ba ta sallama. Takan yi shekara ashirin tana cin hanta, mai ita yana ta harkokinsa. Sai ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ƙafa ta tashi. A ce shawara ce, a hau jiƙe-jiƙe. A lokacin hanta ta riga ta ƙandare, wani ma ciwon daji ya kama ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke ɗauke da cutar, kimanin miliyan 8 a yankin Afirka. A 2022 kaɗai ta kashe mutum wajen 242,000.

Ta jini take shiga. Wa aka yi wa aski da askar nan kafin kai? Ƙahon nan, jinin wa ya zuƙa ɗazu? Mai yankan farce ya sauya reza? Allurar da aka yi wa ɗanki a kemis, a gabanki aka buɗe ta? Jinin da za a ƙara wa matarka, an gwada shi?

Ku dubi Masar. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 an yi wa jama'a allurar maganin tsargiya da sirinjin da ba a tsabtace sosai ba. Miliyoyi suka kamu. Sai da gwamnati ta tashi haiƙan a 2018, ta gwada miliyoyin mutane ta ba su magani, sannan aka ci ƙarfin cutar.

Ƙwayar cutar tana da iri aƙalla shida, kuma tana sauya kama. Iri na 4 ya fi yawa a Masar da Afirka ta Tsakiya, na 1 da na 2 a Afirka ta Yamma. Har yau ba ta da rigakafi. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ba ta kare ku daga nau'in C. Wanda ya warke ma yana iya sake kamuwa.

Amma akwai magani! Ƙwayoyi ne, galibi na wata uku, suna warkar da fiye da mutum 95 cikin 100. To, me ake jira? Kumburin ciki?

Ku je asibiti a gwada ku a makon nan. Ku kai iyali. Ku tafi wurin aski da rezarku. Ku ƙi allurar da ba sabuwa ba. Don Allah kada ku bari sai gobe.