Bashin ciyar da 'ya'ya a Amurka: Me ya sa gwamnati ke biyan kuɗi don auna shirye-shiryen sama wa iyaye aiki?

A Amurka, idan aure ya mutu ko iyaye suka rabu, kotu ko hukumar jiha kan yanke adadin kuɗin da wanda ba ya zaune da yaro zai riƙa biya duk wata domin ci da sha da suturarsa. Akasarin masu biyan maza ne. Tun shekarar 1975 gwamnatin tarayya ta kafa tsarin karɓar waɗannan kuɗaɗe tare da jihohi, inda take ɗaukar kashi 66 cikin 100 na kuɗin gudanarwa.

Matsalar da ta daɗe tana ci wa tsarin tuwo a ƙwarya ita ce tarin bashi, wanda ya haura dala biliyan 100. Wani bincike da cibiyar Urban Institute ta fitar a 2007 kan jihohi tara ya gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na bashin yana wuyan iyayen da ba su da wani kuɗin shiga a rubuce, ko kuma abin da suke samu bai wuce dala 10,000 a shekara ba. Ma'ana, da yawa daga cikinsu rashin abin hannu ne ya hana su biya, ba taurin kai ba.

Hanyoyin tilastawa da inda suka gaza

Babbar hanyar karɓar kuɗin ita ce cirewa daga albashi tun kafin ya shiga hannun ma'aikaci. Wanda ya ƙi biya ana iya dakatar da lasisin tuƙinsa, a riƙe rarar harajin da ya kamata a mayar masa, a hana shi fasfo idan bashin ya wuce dala 2,500, har ma a kulle shi bisa laifin raina kotu. Bugu da ƙari, wata doka ta 1986 ta hana kotu rage bashin da ya riga ya taru.

Duk waɗannan matakai suna aiki ne a kan mai albashi. Wanda ba shi da aiki, ƙwace lasisinsa na ƙara nesanta shi da aiki, zaman gidan yari kuma na ƙara masa bashi. A 2011, a shari'ar Turner da Rogers, Kotun Ƙolin Amurka ta ce wajibi ne a bi matakan tabbatar da cewa mutum na da halin biya kafin a ɗaure shi. Daga nan tunanin taimaka wa uba ya samu aiki ya ƙara samun karɓuwa.

Me ya sa sai an auna?

Tunanin yana da daɗin ji, amma kuɗin jama'a ake kashewa, don haka sai an tabbatar yana haifar da ɗa mai ido. Idan uba ya shiga shirin koyon sana'a ya samu aiki bayan wata shida, ba a san ko shirin ne sila ba, ko kuwa da ma zai samu da kansa. Shi ya sa gwamnati ke ware kuɗi daban ga masu bincike masu zaman kansu. Su kan raba masu neman shiga gida biyu ta hanyar ƙuri'a: rukuni ɗaya ya samu ƙarin taimako, ɗayan ya ci gaba da tsarin da aka saba. Bambancin da aka gani tsakaninsu daga baya shi ne ainihin tasirin shirin.

An fara irin wannan gwaji a shekarun 1990 da shirin Parents' Fair Share a wurare bakwai, wanda cibiyar MDRC ta auna. Sakamakon bai kai yadda aka yi fata ba, ko da yake mazan da suka fi ƙarancin ilimi da gogewar aiki sun ɗan amfana.

Gwaji mafi girma

A 2012, ofishin tarayya mai kula da kuɗin ciyar da 'ya'ya, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya da Ayyukan Jin Ƙai, ya ƙaddamar da shirin CSPED a jihohi takwas: Kalifoniya, Kolorado, Ayowa, Ohayo, Karolina ta Kudu, Tenesi, Teksas da Wiskonsin. Daga 2013 zuwa 2016 an yi wa iyaye sama da 10,000 rajista. Rabinsu sun samu jami'in da ke bibiyar lamarinsu, da taimakon neman aiki, da darussan tarbiyyar 'ya'ya, tare da sassauta musu wasu matakan tilastawa da sake duba adadin da aka yanke musu. Cibiyar binciken talauci ta Jami'ar Wiskonsin da ke Madison da kamfanin Mathematica ne suka auna shirin.

Rahoton ƙarshe ya fito a 2019. Ya nuna cewa shirin bai ƙara yawan masu samun aiki ba, kuma bai sa iyaye sun fi cika abin da aka ɗora musu ba. Adadin da ake yanke musu duk wata ya ɗan ragu, abin da suke biya ma ya ɗan ragu. Inda aka ga canji a fili shi ne dangantaka: kashi 68 cikin 100 na waɗanda suka samu ƙarin taimako sun ce sun gamsu da hukumar, alhali a ɗaya rukunin kashi 46 ne. Sun kuma fi jin cewa nauyin 'ya'yansu na wuyansu.

Abin da aka koya

Da ba a kashe kuɗin awon ba, da jami'ai sun ƙirga waɗanda suka samu aiki su ce an yi nasara, domin a rukunin da ba a taimaka wa ba ma mutane da dama sun samu aiki. Awon ya nuna cewa matsalolin iyayen sun fi ƙarfin ɗan gajeren horo: mafi yawansu an taɓa samun su da laifi a kotu, wasu ba su da abin hawa ko tsayayyen matsuguni, abubuwan da ke sa masu ɗaukar ma'aikata ja da baya.

Sakamakon bai sa an yi watsi da manufar ba. A Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar da ta ba jihohi damar amfani da kuɗin tarayya na wannan tsari wajen horar da irin waɗannan iyaye da nema musu aiki, ga jihar da ta ga dama. Tambayar da ta rage ita ce wane irin taimako ne zai kai uba ga aiki mai ɗorewa da albashin da zai ishe shi ya ciyar da ɗansa. Amsarta na da muhimmanci ga miliyoyin yaran da abincinsu da kuɗin hayar gidan da suke kwana suka dogara da wannan biya na wata-wata.