FASHIN BAƘI: Yadda imel ɗin ofis ke tona wanda ya sani, da abin da hakan ke nufi ga Bakolori

A watan Afrilun 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman da suka tare hanyoyin aikin madatsar ruwa ta Bakolori suna neman diyyar gonakinsu. Gwamnatin Shehu Shagari ta ambaci adadin mamata da bai kai 30 ba, mazauna yankin da masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Fiye da shekara 40 bayan haka, tambayar da ke ci wa jama'ar Talata Mafara da Bakura da Maradun tuwo a ƙwarya ba ta sauya ba: koke-koken manoman sun isa teburin wa, a wace rana, kuma a hannun wa suka maƙale tsakanin ofishin aikin da Sakkwato da Legas?

A wancan zamani amsar tana cikin fayil ɗin takarda, wanda gara ke ci ko a wayi gari ya yi ƙafa. A yau irin wannan amsa tana cikin akwatin imel, kuma akwai fannin ilimi da ya ƙware wajen karanta ta.

Fannin ya samu gindin zama ne bayan rushewar Enron, katafaren kamfanin makamashi na Amurka da ya durƙushe a Disambar 2001. A 2003 hukumar kula da makamashi ta tarayyar ƙasar ta saki saƙonnin ma'aikatan kamfanin da ta tattara yayin bincike. Bayan an tace su, an samu kimanin saƙonni 500,000 daga akwatunan ma'aikata wajen 150, galibinsu manya, kuma Jami'ar Carnegie Mellon ta ajiye su inda kowa zai iya saukewa.

Abin mamakin shi ne mai nazari ba ya buƙatar karanta abin da saƙon ya ƙunsa kafin ya fara gano abubuwa. Kan kowane imel akwai sunan mai aikawa, da na wanda aka aika wa, da waɗanda aka sanya a kwafi, da rana da sa'a. Sai a ɗauki kowane ma'aikaci a matsayin ɗigo, kowane saƙo a matsayin zare. Idan kwamfuta ta haɗa dubban zaruruwa, sai wata taswira ta fito wadda sau da yawa ta saɓa wa jadawalin muƙamai da ke rataye a bangon ofis. Ana ganin rukunonin da ke magana da junansu kaɗai. Ana ganin mutumin da shi ne gada ɗaya tilo tsakanin sashen kuɗi da injiniyoyi, wanda in ya danne labari, shi ke nan ya mutu. Ana kuma ganin ranar da aka daina sanya wani jami'i a kwafi, alamar da kan nuna cewa an fara ɓoye masa wani abu. Masu nazarin saƙonnin Enron sun lura cewa da rikicin ya yi ƙamari, ma'aikata sun riƙa tsallake matakan shugabanci suna tuntuɓar waɗanda a da ba su haɗa hanya da su ba.

Najeriya ma ta fito a labarin. A Disambar 1999 Enron ya sayar wa bankin Merrill Lynch hannun jari a wasu jiragen ruwa masu samar da lantarki da aka tanadar wa Legas, ya rubuta ribar dala miliyan 12, cinikin da masu gabatar da ƙara suka ce rance ne aka yi wa rigar sayarwa. Sai kuma batun rijiyar mai ta OPL 245: a 2017 ƙungiyoyin Global Witness da Finance Uncovered suka wallafa imel ɗin manyan jami'an Shell da ke nuna sun san kuɗin cinikin 2011 za su gangara ga kamfanin Malabu na tsohon ministan mai Dan Etete. Duk da haka, a Maris 2021 kotun Milan ta wanke Shell da Eni da jami'ansu. Imel yakan nuna sani, amma tabbatar da laifi a gaban alƙali wani hawa ne daban.

Bakolori ta sake zama wurin da manyan kuɗi ke ratsawa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING na farfaɗo da noman rani, kuma Bakolori na cikin wuraren da aka zaɓa, tare da Kadawa da kwarin Haɗeja da Daɗin Kowa. Kowace shawara kan kwangilar gyaran magudana, da rabon ruwa, da kuɗin da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ke karɓa, tana bin wata hanya tsakanin Abuja da hedikwatar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da ofishin da ke bakin aiki. Taswirar waɗannan saƙonni za ta iya nuna ko kukan manomin da ke ƙarshen magudana yana wuce ofishin farko.

Doka ta buɗe ƙofa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman bayanan hukumar tarayya, har da waɗanda ke cikin kwamfuta, kuma ta wajabta amsa cikin kwana 7. Sai dai ta keɓe bayanan sirrin mutum, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ƙara tsaurara wannan shinge. Hakan daidai ne, domin cikin saƙonnin Enron an bankaɗo har da zancen rashin lafiya da na aure na ƙananan ma'aikatan da ba su ci nanin ba.

Babban cikas ɗin yana wani wuri. Jami'an gwamnati da dama a Najeriya na gudanar da aikin hukuma ta Gmail da Yahoo na ƙashin kansu, ko ta WhatsApp, maimakon adireshin gov.ng. Idan aka yi wa jami'i sauyin wurin aiki ko ya yi ritaya, tarihin ofis ɗin yakan tafi da shi a aljihu. Hanyar nazarin kanta tana da makanta: sakatare kan fito tamkar shi ne cibiyar hukuma alhali isar da saƙo kawai yake yi, sanya mutum a kwafi ba ya nufin ya karanta, kuma shawarar da aka yanke ta waya ko a falon wani babba bayan sallar isha'i ba ta barin zare ko ɗaya a taswira.