Magani a Cikin Dusa: Wace Dabba Yake Yi wa Amfani?

Duk mahaucin da ya daɗe yana yankan shanu a kasuwar Achida ko ta Goronyo ya san hantar da ba ta sayuwa. Da ya sa mata wuƙa zai ji ta yi tauri, hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi sun yi kauri sun yi fari, in ya matsa sai ga tsutsotsi masu faɗi suna fitowa, wata tsawonta ya kusa ɗan yatsa. Mai saniyar kuwa ya yi watanni yana mamakin yadda take ci tana ramewa, ga kumburi a ƙarƙashin haɓa, ga nono ya ja baya.

Ruwa ne ke rainon wannan ciwo. Tun da aka kammala madatsar Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, Kagara da ƙauyukan da ke bin gulbin har zuwa fadamar Wurno suka samu ƙarin noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa. Sai dai ruwan da ke kwanciya a magudanai da kududdufai har tsakiyar rani shi ne gidan wata ƙaramar katantanwa, kuma sai da ita tsutsar hanta ke yaɗuwa. Ƙwan tsutsar yana fita a kashin saniya, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin katantanwar ya hayayyafa, sannan ya fito ya manne a ciyawar bakin ruwa. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, kowane garke nan yake gangarowa. Daga ranar da saniya ta ci ciyawar zuwa ranar da tsutsar za ta balaga a hantarta akan yi wata uku ko fiye.

Wanda ya taɓa kama bijimin Gudali don a yi masa ɗura ya san dalilin da ya sa shawarar zuba magani a abinci ke da daɗin ji: ba kokawa, ba tuƙar igiya, a barbaɗa a dusa kowa ya ci. Abin da masu tallar wannan shawara ba su cika faɗa ba shi ne, dabarar a gidan kaji aka raine ta, kuma can ta fi dacewa.

Kajin gidan gona suna fama da zawon jini, wanda wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani ke haddasawa a bangon hanji. Ƙwanta yana fita a kashi, in ya samu shimfiɗa mai danshi da ɗumi sai ya nuna cikin kwana ɗaya ko biyu, 'yan tsaki su tsattsage shi. Tsakanin mako 3 zuwa 6 da ƙyanƙyashewa aka fi ganin ɓarnar: kaza ta takure, fukafukai a sake, jini a kashi. A 1971 aka amince da maganin monensin a Amurka don a riƙa sa shi a abincin kaji, kuma har yau shi da danginsa irin su salinomycin ne ke riƙe da kiwon kajin nama a duniya. Ko Tarayyar Turai, da ta hana sa maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don ƙara ƙiba a 2006, ta bar waɗannan.

Sirrin yana wajen awo. Kimanin giram 100 ake sawa a tan guda na abinci, wato abin da ke cikin buhu mai kilo 25 bai wuce giram biyu da rabi ba. Injin masana'anta ne ke iya baza wannan ɗan mitsitsin abu ya game buhu. Mai haɗa abincinsa da shebur a tsakar gida zai tashi da wani gefe babu magani, wani gefe kuma guba. Kazar gidan gona kuma ba ta da wani abin ci sai wanda aka zuba mata, don haka lissafi yana fita.

Akwai abin da ya kamata mutumin gabashin Sakkwato ya riƙe fiye da kowa. Monensin yana kashe doki da jaki, yana lalata musu naman zuciya, raƙumi ma bai tsira ba. A gidan da jaki ke ɗaure kusa da akurki, ragowar abincin kajin nama ba abin zuba masa ba ne. Wani maganin kuma, nicarbazin, yana rage wa kaza juriyar zafi, kuma kowa ya san yadda bazarar Afrilu take a nan. Ba a kuma bai wa masu ƙwai shi, don yana dusar da launin ɓawo, ya rage ƙyanƙyasa.

To, a koma wajen shanu. A zuba dusa mai magani a kwami ɗaya a saki garke a kai, a tsaya a gani. Babban sa ne zai fara sa baki, ya kore sauran da ƙaho. Ramammiyar saniyar nan da aka sayo maganin dominta ita ce ta ƙarshe, sai ta lashi gindin kwami, in ma tana da marmarin ci. Mai lafiya ya sha fiye da kima, marar lafiya ta sha abin da bai kai ya kashe tsutsa ba. Wannan na biyun ya fi muni, domin tsutsotsin da suka tsallake rabin magani su ne ke haifar waɗanda maganin ba zai sake ci ba. A ganina, ga garken da ke fita kiwo, ɗura ko allura bisa nauyin kowace dabba ba su da madadi, duk wahalarsu.

Inda dabarar ke da ƙafa shi ne kiwon turke. Satar shanun da ta addabi Rabah da Goronyo da Wurno a shekarun nan ta sa da yawa sun gwammace sa ɗaya ko biyu a cikin gida. Dabbar turke ita kaɗai ce da kwaminta, ana ganin abin da ta ci da wanda ta bari. A auna nauyinta, a dama maganin a 'yar dusa kaɗan da safe tana jin yunwa, sai ta cinye tas kafin a kawo harawa.

Nan ma sai an san wane magani. Albendazole yana kashe tsutsar ciki, yana kuma kashe tsutsar hanta da ta balaga in an ba da miligiram 10 ga kowane kilo na nauyi, wato giram 3 ga sa mai kilo 300. Ƙananan da ke ratsa naman hanta ba ya taɓa su sosai, sai triclabendazole. Ba a kuma bai wa saniya albendazole a kwana 45 na farkon ciki. Ivermectin, wanda ya kai Satoshi Omura da William Campbell ga lambar Nobel a 2015, gwani ne a kan tsutsar ciki da ƙazuwa, amma shi kaɗai ba ya yi wa tsutsar hanta komai, ko da yake makiyaya da dama sun ɗauke shi maganin komai da ruwanka.

Kajin gida masu yawon tone-tone ba su shiga wannan lissafi ba, tunda ɗan tsakin da ake watsa musu ba shi ne yawancin cinsu ba. Annobar da ke share su da hunturu ma Newcastle ce, wadda ba ta jin maganin tsutsa. Rigakafinta ake yi, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗawa.

Saura batun kwanakin jira. Kowane magani na gaskiya, mai lambar NAFDAC, yana ɗauke da adadin kwanakin da za a dakata kafin a yanka dabbar ko a sha nononta, kuma sun bambanta daga wannan zuwa wancan. Mai tatsa don kai nono kasuwa, da mai turken da ke harin Babbar Salla, su sa malamin dabbobi ya karanta musu takardar, su ƙirgo kwanakin daga ranar kasuwa su dawo baya kafin su buɗe kwalba.