Motsa Jiki da Gwajin Jini ga Masu Gazawar Zuciya

Gazawar zuciya ciwo ne da zuciya ke kasa harba jini gwargwadon buƙatar jiki. Mai fama da shi yakan kama haki da 'yar tafiya kaɗan, ƙafafu su kumbura, kwanciya rigingine ta gagare shi saboda numfashi. A Afirka kudu da Sahara, hawan jinin da aka yi sakaci da shi ne babban sanadi.

Idan ruwa ya taru, bangon zuciya ya miƙe fiye da ƙima, sai ta saki wani sinadari cikin jini da ake kira BNP. Aikinsa shi ne ya sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa, ya kuma sassauta jijiyoyin jini. Masana a Japan ne suka gano shi a 1988. Likitoci na auna shi, ko ɗan'uwansa NT-proBNP, don sanin irin nauyin da zuciya ke ɗauke da shi. Ga wanda ciwon bai tasar masa ba, NT-proBNP ƙasa da 125 yakan nuna da wuya a ce gazawar zuciya ce. Akwai kuma troponin, wanda ke hauhawa idan tsokar zuciyar kanta ta ji rauni.

A da, hutu kawai ake umartar masu wannan ciwo da shi. An gane daga baya cewa yawan kwanciya na narkar da tsokar ƙafafu, hakin kuma ya ƙaru. Ƙananan bincike da dama sun nuna cewa 'yan watanni na tafiya ko tuƙa keke bisa tsari na rage BNP. Sai dai babban binciken nan na HF-ACTION, wanda aka wallafa a 2009 kan majinyata 2,331 a Amurka da Kanada da Faransa, ya zo da wani abin lura. Motsa jikin bai cutar da su ba, sun ƙara jin daɗin rayuwa, haɗarin mutuwa ko kwanciya asibiti ya ɗan ragu. Amma da aka duba jinin wasu daga cikinsu, ba a ga NT-proBNP da troponin sun sauka a zo a gani ba.

Wannan ba abin karaya ba ne. Galibin amfanin motsa jiki a tsoka da jijiyoyin jini yake bayyana: tsoka ta iya cin moriyar iskar da jini ya kawo mata, jijiyoyi su buɗe, bugun zuciya ya lafa. Gwajin jini ba ya kama duk wannan. Ga shi kuma tsufa da ciwon ƙoda na ɗaga adadin BNP, ƙiba na sauke shi. Shi ya sa likita ke haɗawa da awon nisan da majinyaci zai iya takawa cikin minti 6. Kuskure ne babba mutum ya daina atisaye don kawai lambar ba ta motsa ba.

Motsa jikin na wanda ciwonsa ya lafa ne, yake kuma shan magani yadda aka tsara masa. A fara da minti 5 zuwa 10 da sanyin safiya, a riƙa ƙarawa sannu a hankali bisa shawarar likita. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ko nauyinsa ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ya dakata ya nufi asibiti.