Sayen Sunan Shafin Intanet Don A Sayar: Kurakurai Biyar Da Ke Cinye Jarin Sabon Shiga

 Yau maganar ba ta sabon fim ba ce, ba kuma ta wanda ya saki waƙa ba, amma taurari za su shigo ciki, ku dai biyo ni.

Kwanakin baya wani ƙanina ya same ni a majalisa yana ta zumuɗi, wai ya gano sana'ar da ake yin kuɗi ana kwance. Zai yi rajistar sunayen manyan jaruman Kannywood da mawaƙa a intanet, kowanne da .com a ƙarshe, ranar da suka tashi buɗe shafi dole su zo su saya a hannunsa da tsada. Na ce masa, "Ƙanina, mayar da katin bankin nan aljihu tukuna, zauna mu yi magana." Na san ba shi kaɗai ne mai wannan tunanin ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuto abin da na gaya masa.

Sunan shafi, wanda masu harkar ke kira domen, shi ne adireshin da kake rubutawa ka isa wani shafi, kamar youtube.com. Kowane suna mutum ɗaya ne ke iya riƙe shi a lokaci guda, wanda ya riga yin rajista shi ke da shi. Ana yin rajistar ne ta hannun dillalai irin su GoDaddy da Namecheap. Sunayen da suka ƙare da .com kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da kundinsu, na .ng kuma ƙungiyar NiRA ce a Najeriya. To, wasu sun mayar da abin kasuwa: su kama suna da araha, su jira mai buƙata.

Kuma gaskiya ne an yi kuɗi a ciki. An sayar da business.com dala miliyan 7.5 a 1999, an sayar da voice.com dala miliyan 30 a 2019. Irin waɗannan labaran ne ke hana sabon shiga barci. Abin da ba a ba shi labari shi ne tarin mutanen da suka shekara biyar suna biyan kuɗi ba wanda ya ko taya.

Kuskure na ɗaya: ɗaukar haya a matsayin mallaka

Sunan shafi ba fili ba ne da za ka saya ka ajiye takarda a ƙarƙashin katifa. Haya ce, duk shekara sai ka biya, ranar da ka daina biya suna ya tafi. A watan Satumban 2024 Verisign ya fara karɓar dala 10.26 a shekara daga dillali a kan kowane .com, shi kuma dillalin ya ɗora ribarsa. Da yawa sukan karya farashin shekarar farko don su jawo ka, sai a shekara ta biyu ka ga ainihin kuɗin.

Yi lissafi da kanka. A ce ka kama suna 50, kowanne dala 14 wajen sabuntawa, dala 700 ke nan duk shekara, ko ka sayar ko ba ka sayar ba. Tsofaffin 'yan kasuwar kuwa sukan ce a cikin suna ɗari, ɗaya ko biyu ake sayarwa a shekara, shi ma idan sunayen masu kyau ne. Ke nan wanda aka sayar ɗin shi zai ciyar da sauran duka.

Ga mu nan kuma akwai ƙarin ciwo, domin da dala ake biya, mu kuma naira muke samu. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tara sunaye kafin nan, kuɗin hayarsa ya ninka sau uku ba tare da ya ƙara suna ko ɗaya ba.

Kuskure na biyu: kama sunan tauraro ko na kamfani

Wannan shi ne shirin ƙanina, kuma shi ne mafi haɗari. An riga mu yin wannan tunanin shekara da shekaru, har an yi masa doka. A 1999 hukumar ICANN mai kula da tsarin sunayen intanet ta fito da ƙa'idar da ake kira UDRP, duk mai rajistar .com ya amince da ita ko bai karanta ba. Mai ƙara ba ya buƙatar zuwa kotu. Zai kai koke gaban kwamitin sasanci, irin na hukumar WIPO da ke Geneva, ya tabbatar da abu uku: sunan ya yi kama da tambarin kasuwancinsa, kai ba ka da wata halattacciyar alaƙa da sunan, kuma da mugun nufi ka yi rajistarsa kake amfani da shi. Yin rajista don ka sayar wa mai sunan da tsada yana cikin misalan mugun nufi da ƙa'idar ta ambata ƙarara.

A shekarar 2000 jaruma Julia Roberts ta karɓe juliaroberts.com ta wannan hanya. A shekarar dai mawaƙiya Madonna ta karɓe madonna.com daga hannun wani ɗan kasuwa da ya saye shi dala 20,000. Kuɗinsa sun bi ruwa, suna ya koma wajen mai shi.

Ba kullum tauraro ke yin nasara ba fa. Mawaƙin nan na Ingila, Sting, ya nemi sting.com a shekarar 2000 ya faɗi, saboda kalmar gama-gari ce a Turanci, kuma ba a tabbatar da mugun nufin mai riƙe da sunan ba. Darasin a fili yake: kalmar da kowa ke amfani da ita daban, sunan da wani ya sha wahala ya gina daban.

A Najeriya abin ya wuce ƙwace suna. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta sa irin wannan kamun suna cikin laifuka, hukuncinsa ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 5, ko duka biyun. Da na kai nan ƙanina ya yi tsit. Kuma ko babu doka, ina daɗin ka ce kai masoyin jarumi ne sannan ka yi garkuwa da sunansa?

Kuskure na uku: sayen abin da ya burge ka kai kaɗai

Sabon shiga yakan zauna da dare ya yi ta gwada sunaye, duk wanda ya ga ba a kama ba sai ya ji kamar ya tsinci dami a kala. Bai tambayi kansa me ya sa duniya duka ta bar shi ba. Kafin ka biya, lissafa aƙalla kamfanoni ko 'yan kasuwa biyar da wannan sunan zai yi wa amfani, kuma suke da kuɗin saye. In ka kasa, bar shi.

Suna mai daraja gajere ne, mai sauƙin faɗa, wanda in aka ambace shi a rediyo mai sauraro zai rubuta daidai ba tare da ya tambaya ba. Dogon suna mai kalma huɗu, ko mai lamba da karan ɗori a tsakiya, da wuya ya samu mai saye.

Sunayen Hausa suna da nasu tarkon. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin haruffan asali na tsarin sunayen, kuma yawancin mutane ba sa rubuta su a waya. Mai neman waƙa "waka" zai buga. Ga kuma bambancin rubutu: wani ya rubuta finafinai, wani fina-finai. Idan kalma tana da rubutu biyu, rabin masu nemanka za su faɗa gidan wani.

Kuskure na huɗu: yarda da farashin da aka raɗa maka

Akwai shafukan da za ka sa suna na'ura ta ce maka ya kai dala dubu biyu. Na'ura ba ta saye, malam. Farashin suna shi ne abin da mai saye ya yarda ya biya. Duba abin da aka sayar da makamantansa a zahiri, a shafuka irin NameBio, kafin ka fara gina gida a zuci.

'Yan damfara ma sun san da wannan kwaɗayin. Sai ka ga saƙo wai wani attajiri na son sunanka da kuɗi masu yawa, amma sai ka fara biyan kuɗin tantance daraja a wani shafi da su suka zaɓa. Kana biya, attajiri ya ɓace. Mai saye na gaskiya ba ya sa ka biya kafin ya biya. Idan ciniki ya faɗa, a bi ta hannun amintaccen ɗan tsakani irin Escrow.com, ko kasuwanni irin Sedo da Afternic, su riƙe kuɗin har a miƙa suna. Za su cire kamashonsu, amma gara hakan da a tashi babu kuɗi babu suna.

Kuskure na biyar: mantawa da ranar sabuntawa

Wannan har manya ya kayar. A watan Disambar 1999 kamfanin Microsoft ya manta bai sabunta passport.com ba, masu Hotmail suka kasa shiga akwatinsu, sai wani bawan Allah ne ya biya musu dala 35. Idan .com ya ƙare, dillali kan ba ka ɗan lokaci, bayan nan akwai kwana 30 na fansa da tara mai tsada, sai kwana 5 na jiran gogewa, daga nan kowa na iya kamawa. Akwai masu na'urorin da aikinsu ke nan, jiran suna mai kyau ya faɗo. Ka kunna sabuntawa ta kai tsaye, ka tabbata katinka na iya biyan dala, kuma imel ɗin da ka yi rajista da shi wanda kake dubawa ne.

A nan ina da saƙo ga mawaƙa masu tasowa da masu shirya fim. Ku kama sunanku tun kafin ku yi suna, .com ko .ng ko .com.ng, kuma rajistar ta kasance da sunanku da imel ɗinku, ba na yaron da ya haɗa muku shafi ba. Ranar da kuka ɓata da shi, da adireshinku zai tafi.

Ban ce kada kowa ya shiga harkar ba. Wanda ya ga zai iya, ya fara da suna uku zuwa biyar, da kuɗin da in sun salwanta ba zai rasa na cefane ba, ya rubuta ranar ƙarewar kowanne da abin da ya kashe, ya kuma koyi sakin wanda ya shekara biyu ba a taya ba. Shi dai ƙanina ya fasa kama sunayen jarumai. Suna ɗaya ya yi wa rajista, na shagonsa na sayar da kayan waya, kuma a ganina shi ne cinikin da ya fi yi masa riba.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba kowa halaliyarsa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.