Ƙararrawar Boriska da Shirun Rublev

Andrei Tarkovsky ya kammala fim ɗin Andrei Rublev a 1966, labarin mai zanen hotunan coci a Rasha ta ƙarni na 15. Hukumomin Sobiyet sun danne shi har 1971, duk da lambar masu sharhi da ya ci a Cannes a 1969. Ya haura awa uku, amma da wuya ka ga Rublev yana zane a ciki.

A cikin fim ɗin, a harin da Tatar suka kai birnin Vladimir a 1408, Rublev ya kashe mutum don ceton wata yarinya mai taɓin hankali. Sai ya daina zane, ya yi alwashin rufe bakinsa. Kimanin shekara 15 bai ce uffan ba.

Can sai ga Boriska, yaron da annoba ta kashe mahaifinsa, mai zubin ƙararrawa. Ya gaya wa mutanen yarima cewa uban ya bar masa sirrin sana'ar. Aka damƙa masa aikin zuba wa yariman ƙararrawa, kuma idan ƙararrawar ba ta yi ƙara ba, kansa ne a bakinta. Ya yi ta neman yumɓun da ya dace, yana yi wa dattawan ma'aikata tsawa, tsoro na cin sa a ciki. Ranar gwaji, ƙararrawar ta yi ƙara. Yaron ya zube cikin taɓo yana kuka, ya faɗa wa Rublev cewa uban bai gaya masa komai ba.

Wasu na cewa sa'a ce, wasu baiwa. Ni Rublev nake kallo. Yana tsaye a gefe, gwanin da ya san sana'arsa ya ƙi yi, yana ganin yaron da ba a ba sirri ba ya sa wuyansa, jama'a kuma na murna. A nan ya gane shirunsa ya tashi daga tuba ya koma rowa. Shi ya sa ya rungume yaron ya buɗe baki: su tafi tare, ɗaya na zubi, ɗaya na zane.

Daga nan fim ɗin ya bar baƙi da fari ya shiga launi, muka ga ainihin zanen Rublev, kafin wasu dawakai da ke tsaye cikin ruwan sama. Tarkovsky ya hana mu launi tsawon fim ɗin da gangan, don mu fara shan yunwa da yaƙin da mai zanen ya sha kafin a nuna mana aikin hannunsa.