Gubar da ke cin ƙashi a ɓoye

A 2010 aka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara: dalma ce a cikin duwatsun zinariya da ake dakawa a tsakar gida. Yara fiye da 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo, aka kankare ƙasar Dareta da Bagega. A 2015 Shikira ta Jihar Neja ta ɗanɗana irin wannan.

Dalma tana da abokin tafiya da ba a cika ambato ba, wato kadmiyum, wanda ke zaune cikin ma'adinin tutiya da na dalma. Ita dalma kan kayar da yaro cikin makonni. Shi kuwa ba ya gaggawa. Taruwa yake yi a ƙoda, kuma sai an yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabin abin da ya shiga jiki ya fita. Idan ƙoda ta gaji, sai ta riƙa zubar da sinadarin kalsiyum cikin fitsari, ƙashi ya yi laushi.

Mutanen lardin Toyama na Japan sun ga ƙarshen abin. Mahaƙar Kamioka ta daɗe tana zuba dagwalonta mai kadmiyum a Kogin Jinzu, manoma suna ban ruwan shinkafa da shi. Matan da suka manyanta, musamman masu yawan haihuwa, suka riƙa karyewa, wata ko tari ta yi sai haƙarƙari ya tsage. Daga kukansu cutar ta samo suna, itai-itai, kamar a ce "wayyo, wayyo". Sai 1968 gwamnati ta amsa cewa daga mahaƙar ne.

To ina ruwan garin Gozaki da ke ƙasar Ƙafur? Ƙasar Ƙafur da Malumfashi har zuwa Funtuwa ƙasar masara ce da auduga da waken suya, don haka ƙofar shigar kadmiyum a nan buhun taki ne. Dutsen fosfat da ake haɗa takin zamani da shi yana ɗauke da kadmiyum, kuma tun yarjejeniyar 2016 Najeriya ke shigo da fosfat daga Maroko. Tarayyar Turai ta kafa wa takinta iyaka, miligiram 60 a kilo guda na fosfat, tun 2022. Abin da buhu ɗaya ke bari a gona ɗan mitsitsi ne, amma ba ya ruɓewa, damina ce ke ɗorawa kan damina. Yawan zuba yuriya kuma yana sa ƙasa tsami, abin da ke sauƙaƙa wa shuka zuƙar kadmiyum. Shinkafa da taba na cikin shukokin da ke da kwaɗayinsa sosai.

Macen da jininta ya yi ƙasa saboda haihuwa a kai a kai ta fi namiji shanye kadmiyum daga abinci. Idan ƙugu ya fara ciwo bayan shekara hamsin, sunansa a gida sanyi ko tsufa. Sai a aika yaro kemis ya sayo ƙwayar kashe ciwo, irin wadda yawan shanta ke ƙara wa ƙoda nauyi.